Jan Fenti a Katangata, Turakunku a Murhuna

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Ofishin Tsara Gari,
Yola.

Ranka ya daɗe,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyalinka da ma'aikatanka, ina yi maka barka da aiki, da barka da haƙuri da wannan zafi na bazara da ya hana kowa sakat a Yola da Jimeta.

Sunana Malama Hajara, tsohuwar malamar firamare, mazauniyar Yolde Pate. Ba ka san ni ba, amma sa hannunka na manne a ƙofar gidana. Ranar Talatar da ta wuce ma'aikatanka uku suka zo cikin farar mota, suka yi wa katangata ƙatuwar alama da jan fenti, suka liƙa takardar da ta ba ni kwana ashirin da ɗaya in kwashe kayana kafin katafila ta zo. Yau saura kwana goma sha shida. Sau uku ina zuwa ofishinka. Ranar farko aka ce kana taro, ta biyu aka ce ka yi tafiya, ta uku masinja ya ji tausayina ya ce in rubuto. To ga shi na rubuto, kuma a fili na rubuto inda kowa zai karanta, domin takardun da na kawo muku da hannuna cikin shekarun nan ban san a wace durowa suke barci ba.

Na farko, yadda na zo nan.

Ni ba 'yar Yola ba ce. Daga arewacin jihar nan na fito, wani gari a gindin duwatsu, inda na shekara ashirin da shida ina riƙe da alli. A shekarar da masu bindiga suka shigo mana, da hantsi muka fita da abin da ke jikinmu, ni da 'ya'yana mata biyu da surukata, wadda muke kira Dada. Bi da bi muka riƙa goya ta a cikin duwatsu har kwana huɗu, kafin mu sami motar da ta sauke mu a Jimeta. Ba mu san kowa ba. Wata 'yar kasuwa mai sayar da robobi, Mama Ngozi, ta gan mu a rakuɓe gefen shagonta tun safe har la'asar, ta fito ta ce mini, “Malama, kai ka tashi ka ɗauko tsohuwa. Ɗaki yana nan a Dubeli, ba haya, sai ran da Allah ya buɗe maka hanya.” Shekara biyu muka yi mu huɗu a ɗakin da take ajiye kaya, tsakanin bokitai da bahuna. Ba ta taɓa ɗaure mana fuska ba, Allah Ya saka mata. Amma mutum ba ya dawwama a ɗakin aro, ko da na uwarsa ne.

Da kuɗin sallamata na aiki suka fito, sai na bi sahun mutanenmu da suka riga ni zuwa Yolde Pate. Aka kai ni wurin Jauro, wato mai unguwa, ya haɗa ni da ƙanensa mai gonar da ake yankawa. Aka auna mini fuloti da taku, daga gindin tsamiya zuwa suri, a gaban liman da wani fasto da dattawa uku. Ni malama ce, ban shiga da ka ba. Na tambayi Jauro ko akwai hannun gwamnati a wurin. Ya yi dariya har da buga ƙafa, ya ce, “Adda, ƙasan nan tun kakana muke noma shi. Gwamnati bai taɓa shuka ko gyaɗa ɗaya a nan ba.” Aka rubuta takarda, kowa ya sa hannu, aka raba goro, aka shafa fatiha. Ban yi zaton Jauro ƙarya ya yi mini ba, kuma har yau ban yi ba. Abin da ya sani ya faɗa. Ba wanda ya taɓa nuna masa taswirarku.

Na biyu, laifina, domin ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

A garinmu iyaka abu ne da ba ya ɗaguwa. Jeren duwatsu ne da kakanni suka tsara a gefen gona, ko kuka, ko wani ƙaton dutse da yaro da babba suka san sunansa. Tunda nake ban taɓa ganin iyakar da mace ɗaya za ta ɗauka da hannu biyu ba. Kuma a wurinmu dutsen murhu ba a nemansa, ko'ina ka sunkuya ga shi nan. Da muka kafa bukkar zana a fulotin nan, ranar farko na tashi ɗora tukunya, na duba gabas da yamma, yashi ne kawai. A gindin tsamiya na tarar da wasu guntayen siminti guda biyu a yashe, kowanne tsawonsa bai wuce kamu biyu ba, da wasu lambobi a kansu. Daga baya na ji cewa garmar shanu ce ta tumɓuke su tun da daɗewa, masu noma suka jefar da su gefe. Na ɗauko su ina murna. To murhu ba ya zama da dutse biyu. Can tsakiyar fili na hangi kan na uku ya leƙo daga ƙasa. Na ɗauki fartanya na tono shi da hannuna, na cicciɓo shi, na haɗa murhu, na dama wa Dada kunun gyaɗa.

Ranka ya daɗe, ni na tone shi. Ban ɗora wa kowa ba. Yanzu na san turakun safiyo ne, waɗanda masu awon ƙasa ke kafawa don nuna inda fili ya fara da inda ya ƙare. A lokacin na ɗauka ragowar wani tsohon gini ne, lambobin kuma na maginin da ya buga su ne. Ni da na koyar da taswirar Najeriya a allo shekara da shekaru, na san inda Binuwai ya haɗu da Neja, ban san turken da ke ƙarƙashin tukunyata ba. Rashin sani ya fi dare duhu, na yarda. Amma ina tambaya cikin ladabi: wa ya kafa turke a gonar mutane, ya tafi bai gaya wa mai gonar ba, bai gaya wa Jauro ba, bai kafa ko ɗan allo ba, sannan ya ɓace shekarun da ban san adadinsu ba?

Na uku, ban yi gini a ɓoye ba.

Bulo ɗai-ɗai na tara. Damina uku na yi kafin ginin ya kai linta. Tun ina fandisho mutane suka ce in je in nemi izinin gini, na kuwa je. Ofishinku ya ce sai na kawo takardar mallaka. Ofishin takardar mallaka ya ce sai na kawo zanen safiyo. Mai safiyo ya ce sai ofishinku ya ba shi taswirar unguwa. Na dawo wurinku aka ce wanda ke riƙe da mabuɗin ɗakin taswira ya tafi kwas. Haka na yi ta zagaye a cikin Keke tsakanin Yola da Jimeta har direbobi suka san ni, ɗaya ma ya fara ce mini Hajiya Fayil. A ƙarshe aka buɗe mini fayil, aka ba ni lamba a 'yar takarda, aka ce za a turo mai dubawa.

Ya kuwa zo. Dogo ne, a kan babur, da jakar takardu a rataye. Ba zan faɗi sunansa ba, yana cikin fayil in fayil ɗin na raye. Ya zagaya ginin, ya ƙwanƙwasa bulo da mabuɗin babur, ya yaba wa magini. Rana ta take, na ce ba zai tafi da yunwa ba. Ya zauna a kan benci, taku uku daga murhuna, yana kallona ina tuƙa tuwon dawa a kan turakun nan uku, ya ci da miyar yakuwa har ya nemi ƙari. Da zai tafi ya ce, “Mama, ki ci gaba da aikinki, takarda za ta biyo baya. Wannan layin duka za a daidaita shi.” Da maganarsa na sayi kwano na yi rufi. In ni baƙauyiya ban gane turken safiyo ba, shi da aikinsa ke nan fa? Laifi tudu ne, Yallaɓai, kowa ya taka nasa sai ya hango na wani.

Na huɗu, taswirar da ba mu taɓa gani ba.

Sai bara waɗansu matasa suka zo da na'ura mai ƙafa uku suna neman turaku. Suka tona nan, suka tona can, ba su samu ba. Ɗayansu ya shigo neman ruwan sha, idonsa ya faɗa kan murhuna. Ya durƙusa ya kankare baƙin hayaƙi da wuƙa, ya karanta lambar, ya kira 'yan'uwansa. Suka yi ta dariya suna ɗaukar hoto, ni ma na taya su, don ban san abin da ake yi wa dariyar ba. A bakinsu na fara jin cewa a takardarku, inda gidana yake da gidaje goma sha ɗaya na maƙwabtana, fili ne da aka ware don makarantar firamare. Turken da na tono shi ne kusurwar filin.

Ka dubi ikon Allah. Ni da na ƙarar da ƙuruciyata a aji, ni ce yau na tare wa yara makaranta. Ba ni da gaba da makaranta, ranka ya daɗe. Na fi ka sanin yaran unguwar nan suna buƙatarta, domin ina ganinsu kullum suna dogon tattaki cikin rana. Kuma na san gari ba ya zama ba tsari. Na zauna a Dubeli, na ga lungun da gawa ba ta fita sai an karkata makara, na ga yadda ruwa ke shiga ɗakunan mutane da damina saboda an gine hanyarsa. Wanda ya zauna ya ware wa yara fili tun unguwar tana gona, ya yi tunani mai kyau. Sai dai ya naɗe tunanin nasa ya kulle a ɗaki, mu kuma yaƙi ya koro mu, muka zauna inda muka sami wuri. Mutanen da suka cika gefen garin nan a shekarun gudun hijira ba su jira taswira ba, don mai gudun mutuwa ba ya tsayawa neman izini.

Tun daga ranar da maganar makaranta ta fita, layinmu ya mutu a tsaye. Wanda gininsa ya kai taga ya tsaya a taga. Bulon maƙwabcina Baba Yohanna, tsohon ma'aikacin asibiti, yana nan a jibge ciyawa ta fito a kai. Mun haɗa kai za mu haƙa rijiyar burtsatse, masu haƙar suka ce ba sa aiki a filin da ake rigima. Masu kafa turakun lantarki suka zo layin da ke bayanmu suka juya. Ba wanda ke gyara kwata, ba wanda ke dasa ko darbejiya, domin kowa na cewa wa zai shuka abin da katafila za ta ci. Makarantar ma ba mu ga ko tirela ɗaya ta yashi da sunanta ba.

Abin da ya fi ba ni mamaki, gabas da mu kaɗan akwai fili fetal, ya fi namu girma, ba komai a cikinsa sai tumfafiya da awaki. Matasan nan sun ce a taswira nan ne wurin gidaje. Wato inda kuka rubuta gidaje babu gida ko ɗaya, inda kuka rubuta makaranta mutane sun cika. Kuma kada a ce mini abin da aka rubuta ba ya sakuwa. Duk mai bin manyan titunan Jimeta, ko wajen Shagari Low Cost, ya ga gidajen kwana da suka koma jerin shaguna, wasu ma aka rushe aka yi gidan mai. An ce mini masu su sun nemi a canza musu, aka canza. Ban ce sun yi laifi ba. Ina dai tambaya ko alƙalamin da ya iya mai da gida shago ba zai iya mai da filin makaranta can gabas ba.

Na biyar, kalma biyu da suka kashe ni.

Maƙwabtana goma sha ɗaya takardarsu ta ce za a ba su wani fili a madadin nasu, saboda sun saya cikin rashin sani. Ban yi musu baƙin ciki ba, wallahi. Tawa takardar daban ce. Ta ce ni na tumɓuke alamun gwamnati da gangan don in ɓoye iyaka, saboda haka ba ni da haƙƙin komai, gidana ne farkon rushewa, kuma ana iya kai ni kotu. Da gangan! Wanda ya saci abu don ya ɓoye iyaka, a rijiya zai jefa shi ko a Binuwai. Ba zai ajiye shi a tsakar gida yana hura masa wuta safe da yamma shekara tara ba, har ya ciyar da ma'aikacin gwamnati a kansa. Wanda ya rubuta kalmomin nan bai tambaye ni ba, bai tambayi Jauro ba, hoto kawai ya gani. Jauro ya ce a shirye yake ya zo ya rantse. Baba Yohanna ma ya ce zai dafa Littafi ya faɗi abin da ya sani.

Ranka ya daɗe, tsoro nake ji. Ban ji kunyar faɗa ba. Shekarata sittin da ɗaya, fanshona ba ya kai mu ƙarshen wata, ƙarfin da na goyi tsohuwa da shi a kan dutse ya tafi. Garinmu ba abin komawa ba ne, gidanmu na can an ƙone shi har ƙasa. 'Yata ta fari tana aure a ɗaki ɗaya da yara huɗu, ƙaramar tana karatu a hannuna. In aka rushe gidan nan ba ni da wani bulon da zan sake tarawa. An gudu ba a tsira ba ke nan. Tun ranar Talata in na ji ƙarar babbar mota a titi sai in fita ba takalmi.

Ga abin da nake roƙo, da gwiwoyina a ƙasa.

Ka dakatar da katafilar nan har sai ka ji ta bakina. Ka zo da ƙafarka ko ka turo wanda ka yarda da shi, ya ga layinmu, ya ga filin gabas, gani ya kori ji. Ka sa a nemo fayil ɗina, a duba ko rahoton mai babur yana ciki, in ba ya ciki a tambaye shi dalili. Ka sa a goge “da gangan” daga takardata. In akwai hukuncin wanda ya tone turke cikin jahilci, a yi mini, zan ɗauka, in sharar ofishinku ce ma zan yi. In kuma zai yiwu a mai da makarantar filin gabas, to a mayar, ni ce farkon mai zuwa koyar da yaran kyauta muddin idona na ganin allo. Sannan, don Allah, ku fito da taswirar nan daga ɗaki. Ku tara Jauro-Jauro ku karanta musu da Hausa da Fulatanci, ku kafa alluna a filayen da kuka ware. Yanzu haka da nake rubutun nan ana can ana auna wa wata baiwar Allah fuloti da taku a bayan gari.

Saura magana ɗaya, ita ce na fi jin nauyin rubutawa.

Ranar da muka gudu, maigidana Malam Buba ya raka mu har bakin dutse, sannan ya ce bari ya koma ya kwance shanu kada su mutu a ɗaure. Bai dawo ba. Ba wanda ya ce ya ga gawarsa, ba wanda ya ce ya gan shi da rai. Ni na daɗe da yin nawa kukan na bar wa Allah. Dada ba ta bari ba, shi kaɗai ne ɗanta namiji. Idonta ya rufe shekara biyar da suka wuce, amma ta san gidan nan da tafin hannunta, daga ɗakinta zuwa randa, daga randa zuwa bayi, ba mai riƙe ta. Duk wanda ta ji zai yi arewa, direba ne ko mai sayen wake, sai ta sa an kira shi ta ba shi saƙo: in ka ga Buba, ka ce masa muna Yolde Pate, gida na uku bayan rijiyar Jauro. Wannan kwatancen ya shekara tara yana yawo a bakin mutane, kuma shi kaɗai ne abin da ya rage tsakaninta da ɗanta. Akwai ɗan ƙaramin ɗaki kusa da nata da ta hana a sa kaya a ciki.

Ban gaya mata komai ba. Na roƙi maƙwabta su ma su yi shiru. Amma tun shekaranjiya suka fara ɓamɓare kwanon rufinsu da ƙofofi don kada katafila ta haɗa da su, unguwa ta cika da ƙarar guduma. Jiya da safe ina ba ta kunu ta tambaye ni abin da ake bugawa. Na ce gyaran rufi ake yi kafin ruwa ya sauka. Sai ta ce, “To, Hajara, in kafintan ya gama da su ki kira shi ya duba ɗakin Buba. Kada ya dawo ya tarar yana yoyo.” Na ce mata to.

Na yi wa tsohuwa makauniya ƙarya, Allah Ya yafe mini, kuma ba ni da wata ƙaryar da za ta rufe ƙarar katafila. In ka duba duka wannan ka ga ba makawa sai an rushe, to ina roƙonka alfarma ta ƙarshe. Kada ka turo direba da 'yan sanda kawai. Ka zo da kanka, zan shimfiɗa maka tabarma a gabanta, ka gaya mata da bakinka inda za ta ce wa ɗanta ya same ta. Ni bakina ba zai iya ba.

Allah Ya ba ka ikon yin adalci, Ya tsare ka da sa hannu a kan abin da ba ka gani ba. Allah Ya raya maka zuriya a ƙarƙashin rufin da ba mai ɗaga shi, Ya sa kada mahaifiyarka ta taɓa jiran ɗan da ba a san inda yake ba.

Ina nan a gida ina saurare, ba inda zan je.

Wassalam.

Malama Hajara,
Yolde Pate, Yola.